Yaro ɗan shekara 8 ya kasa haɗa baƙi, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Yaro yana aji 3, kaifin basira gare shi a baki, amma yana rikita b da d, kuma ya kasa haɗa "ka" da "sa". Me ya kamata a yi masa?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. A fara kai shi gwajin ido da kunne. In lafiya lau ne, wataƙila alamar disleksiya ce, wato matsalar koyon karatu: ƙwaƙwalwa na wahalar rarrabe sautuka cikin kalma. Ba daƙiƙanci ba ne, kuma tana bin jini.

Amsa: A koya masa sautin harafi kafin sunansa. Minti 15 kullum, haruffa biyu kacal. Ya zana harafin da yatsa a tiren yashi yana furta shi, sannan gaɓoɓi: ba, bi, bu. Kada a haɗa b, ɓ, d, ɗ lokaci guda, a nan yara suke ruɗewa. Sai b ta zauna daram a kawo d.

Amsa: Don Allah a ajiye bulala, kuma kada a tsayar da shi karatu gaban aji. Tsoro yana sa yaro ya koma cankar kalma daga harafin farko.