Neman shawara: yarona komai sai ya ce bai iya ba

Assalamu alaikum jama'a, admin don Allah a ɓoye sunana. Ina da yaro ɗan shekara 12, ɗan farina, bana ya shiga aji ɗaya na sakandare. Ladabi kam akwai shi amma ko kaɗan bai yarda da kanshi ba, komai ka ce ya yi sai ya ce bai iya ba tun bai taɓa ba. Shekaranjiya na aike shi tsohuwar kasuwa sayen albasa, mai albasa ya rage mai canjin naira 200, ya gani sarai amma ya kasa buɗe baki, ya dawo ya tsaya bakin zaure shina murza gefen riga. Raina ya ɓaci na ce mai sakarai gaban ƙannenshi. Wallahi daren ban yi barci ba. Mi ya kamata in yi?

Wani malami daga Mabera:
Wa'alaikumus salam. Malam fara da janye kalmar sakarai, bakin uba nauyi gare shi. Anas ɗan Malik shekara 10 ya yi shina yi ma Annabi (SAW) hidima tun shina yaro, ya ce ko uffan bai taɓa ce mai ba. Kuma akwai ranar da Annabi ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ta yi kama da musulmi, Abdullahi ɗan Umar ya san dabino ce amma ya yi shiru don ya ga manya wurin. Da ya gaya ma mahaifinshi, Sayyadina Umar bai zage shi ba, ce mai ya yi da ka faɗa da ya fi mini kaza da kaza.

Wata uwa daga Runjin Sambo:
Baban yara ka yi haƙuri in tambaye ka, yaushe rabon da ka kira sunan yaron nan? Kunyar ɗan fari da munka gada ta sa wasu iyaye ba yabo, ba hira, ba zama tabarma ɗaya, sai in laifi ya faru sannan a ji muryarsu, to yaro ya tashi bai san muryar babanshi ba sai cikin faɗa, ina zai samo ƙarfin zuciyar yi ma mai albasa magana? Maigidana ma haka yake da babbanmu, sai da ya fara ɗaukarshi bisa mashin zuwa Kara ran sayen rago, ya ce mai kai za ka taya. Yaron ya taya da murya na rawa, dillalai na dariya, amma har yau labarin yake ba ƙannenshi.

Wani matashi:
Ni dai ban ga matsala ba, kunya ai ado ce. Yaran yanzu da ido a tsaye sun fi wanga?

Malamin Mabera:
Ɗan'uwa kunya daban, tsoro daban. Muhammadu Bello bai kai 30 ba lokacin da ya kafa garin nan na Sakkwato a 1809, da mahaifinshi Shehu Usmanu bai saba ɗora mai nauyi ba ina zai iya?

Mai tambaya:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo, "kai yaro" nake ce mai tun haihuwarshi. Gobe in sha Allahu tare za mu koma wurin mai albasar, ni zan tsaya baya shi zai yi magana.

Uwar Runjin Sambo:
In ya yi in'ina kada ka karɓe mai maganar, ka bari ya ƙarasa.