Ina son koyon nitso a teku da ɗan abin da na tara, wane tsibiri zan nufa?

Ɗan bakin Binuwai, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mai gyaran waya ne a Garwa, Kamaru. A Binuwai na koyi iyo tun ina yaro, lokacin rani da ruwa ke janyewa yashi ya fito, manya na daka mana tsawa saboda dorina. Sai dai ruwan kogi, ko ka buɗe ido a ciki ba ka ganin tafin hannunka. Bara na kai wa yayana saƙo Kiribi, na ga teku karon farko, har na je inda ruwan Lobe ke zubowa kai tsaye cikinsa. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai: ina son in shiga ƙarƙashi da tulun iska a bayana, in gani da idona.

Na kwashi adashe na haɗa da ajiyata, sun kai sefa miliyan 1 da dubu 400. Kwana 10 kawai zan iya rufe shago. Ina zan je da wannan kuɗin, inda zan samu masallaci da abincin da hankalina zai kwanta da shi? Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba ni haske.

Mai kayan gini, Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi, kuma da kuɗin da bai fi naka ba sosai. Ka je tsibirin Zanzibar a Tanzaniya.

Za ka ji ana cewa Koh Tao a Tailan ya fi ko'ina arhar koyo. Gaskiya ne kwas ɗin ya fi sauƙin kuɗi a can, amma mu da ke tashi daga nan, tikitin jirgi ne ke cinye mu, abin da ka rage a kwas sai ka biya shi ninki a hanya. Ni jirgin ƙasan dare na bi daga Ngaundare zuwa Yawunde, daga nan jirgin Habasha ya kai ni Addis Ababa, na sauya zuwa Zanzibar. Ka nemi biza ta intanet tun kafin ka biya tikiti, ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara a cikin fasfo. Tun watan Oktoba na 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta ta dala 44, ka sa ta a lissafi. Sefarmu ba ta da amfani a can, ka canza tun daga gida. Yuro 1 sefa 655.957 ce, ba ta motsi, don haka lissafinta ya fi mini sauƙi, amma masu koyar da nitso da dala suka fi yanka farashi, ka riƙe kaɗan.

Kada ka zauna a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, fiye da kwana ɗaya. Ka je kasuwar Darajani ka hau daladala, ƙananan motocin hayarsu, zuwa Nungwi a can arewacin tsibirin. Na zaɓi Nungwi ne domin a gabashin tsibirin idan teku ya janye sai ka yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya kai maka gwiwa, a Nungwi kuwa ana iyo kowane lokaci. Manyan otal sun tare bakin ruwa, kai ka shige cikin ƙauye. Na samu ɗaki mai fanka da gidan sauro kusa da masallaci, kiran asuba ke tashina. Shinkafa da wake da soyayyen kifi nake ci inda masunta ke ci, ban taɓa shiga gidan abincin Turawa ba. Mutanen kusan duk Musulmi ne, da ka yi sallama fuska ta sake.

Abu ɗaya ya kusa sa ni asara. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu. Mai masaukina ya ce kwale-kwale zai tashi ƙarfe 2, na miƙe ƙafa ina jiran azahar, ashe 8 na safe yake nufi. Allah ya taimake ni yaronsa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Duk lokacin da aka faɗa maka, ka sa a nuna maka a fuskar waya.

Kwas ɗin da za ka nema sunansa Open Water, na PADI ko na SSI, ƙungiyoyin horar da masu nitso, kowanne ana karɓar katinsa a duniya. Kwana 3 zuwa 4 ne. Za a gwada ka da iyon mita 200 ba tsayawa, da zama a saman ruwa minti 10, wannan ga ɗan Binuwai ba komai ba ne. Sai karatu, sai gwaji a ruwa marar zurfi, sai nitso 4 a teku. Idan ka gama an yarje maka zurfin mita 18. Akwai na kwana ɗaya da suke tallatawa, malami ya riƙe ka ya zagaya da kai. Ba ya ba da kati, kuma kai da ka taso daga Garwa ban ga dalilin da za ka tsaya a nan ba. Tun da da Faransanci ka yi karatu, ka rubuta musu tun kana gida ka tambayi ko suna da malami mai jin Faransanci. Ka tambaya kuma ko farashin ya haɗa da kayan aro da kuɗin kwale-kwale da kuɗin shiga yankin tekun da aka keɓe don kariya, domin wani wurin da na fara tambaya sai da muka daidaita suka fito da ƙarin.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne cire tabarau a ƙarƙashin ruwa a mayar. Ruwan gishiri ya taɓa mini hanci, zuciyata ta ce tashi sama. Malamin ya dafa kafaɗata, ya nuna mini in ja numfashi a hankali ta baki, na ja, na fitar, har jikina ya yarda. Ranar ƙarshe aka kai mu gefen Mnemba. Tsibirin ba a sauka a kansa, murjanin da ke kewaye da shi ake zuwa gani. A wajen mita 12 na tarar da kunkurun teku yana gutsurar wani abu a jikin dutse, girmansa ya kai faifai babba. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da cin abincinsa. Ba na jin komai sai ƙarar numfashina da kumfar da ke hawa. Tasbihi na yi ta yi a zuci har allurar ma'aunin tulun ta nuna iska ta yi ƙasa muka fara hawa.

Ka guji Afrilu da Mayu, manyan ruwan samansu ke nan, wasu wuraren ma rufewa suke. Ƙarshen Disamba kuma komai ya yi tsada.

Ma'aikaciyar jinya, Njamena:

Ƙanena, kafin ka biya ko dala ɗaya ka je a duba ka. Za su ba ka takardar tambayoyin lafiya, kada ka ɓoye komai don gudun a hana ka. Asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, sai kuma wanda ya fi damuna a yankinmu, sikila. Mai ciwon sikila ba ya nitso da tulu. In ba ka san ko kana ɗauke da sikila a jininka ba, ka yi gwaji a Garwa.

Iskar tulun irin wadda muke shaƙa ce aka matse, yawancinta naitirojin. Kowane mita 10 da ka sauka, nauyin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, naitirojin ɗin na shiga jini. Idan ka hau da gaggawa sai ya zama kumfa a jiki, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Shi ya sa ake hawa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5. Kada ka taɓa riƙe numfashi kana hawa, huhu na iya yagewa. Ku da kuka saba nitson kogi da riƙe numfashi, wannan ɗabi'ar ce za ka fara yaƙa. Bayan nitso na kwanaki a jere kada ka hau jirgin sama sai an yi aƙalla sa'a 18, ni dai na fi son ka ba shi kwana guda cur. In kana mura kada ka shiga, kunne ba zai daidaita ba. Kuma kada ka sa tafiyar cikin azumi, ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin. Ka karanta inshorar da kyau ka ga ko ta ɗauki hatsarin nitso.

Kawunku na Kusiri:

Ɗana, ban hana ka ba, amma kada ka tafi da kuɗin duka. Ka bar na hayar shago da na cefanen wata guda a hannun mahaifiyarka, ka kuma nemi izininta da bakinka. Maƙwabcina ya je Maldives, ya ce a filin jirgi ake buga bizar kwana 30 kyauta, kuma a tsibirin Maafushi akwai ƙananan masaukai cikin gari, ba a sayar da giya. Ka kwatanta kuɗin jirgin biyun kafin ka yanke.

Ɗan bakin Binuwai, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu, na duba, jirgin Maldives ya fi ƙarfina, kuma na ware dubu 200 zan bar wa Inna. Hajiya, ban taɓa gwajin jinin ba, ranar Litinin zan je in sha Allah, sai na ga sakamako zan nemi biza. Yaya na Marwa, na lissafa kwana 2 na zuwa, 4 na kwas, 1 na hutun da Hajiya ta ce, 2 na dawowa, saura kwana ɗaya. In ƙara nitso da shi ko in ajiye shi saboda jirgin ƙasa kan makara? Sannan rigar robar nan da ake sawa, ana iya ɗora dogon wando a kanta? A cikin kwale-kwalen nake jin nauyin zama da ita haka.