An nemi in ba da zanena a gwanjon taimakon masu larurar ƙwaƙwalwa, wa ya taɓa yi?

Mai Shuɗi
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan nake nema. Wata ƙungiya da ke kula da masu larurar ƙwaƙwalwa za ta yi gwanjon zane-zane ranar 10 ga Oktoba, don ya dace da Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, kuma ina cikin waɗanda suka tuntuɓa. Kuɗin da aka samu duka nasu ne, mai zane ba ya karɓar komai, kuma a takardarsu ban ga inda aka ce ga farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba.

Bayarwa dai zan bayar, na gama wannan shawarar. Abu biyu ne suka tsaya mini. Na farko, babban zanena na fentin mai suka gani a shafina suka ce shi suke so, wanda na yi lokacin da nake fama da ciwon damuwa bayan haihuwa. Ina da ƙanana na fentin ruwa da ba su kai shi a raina ba. Wanne zan ba su? Na biyu, suna so a rubuta labarina da sunana a ɗan katin da za a liƙa gefen zanen, wai hakan na sa mutane su ƙara tayi. Dangin mijina ba su san na sha magani ba. In na ƙi katin, na rage musu kuɗi ke nan?

Buroshi Uku
Wa alaikis salam. Allah ya ba da lada, ki bayar kawai kada ki tsaya lissafi. Alheri danƙo ne.

Gawayi
Fentin mai kika ce? Wane man ƙyalli kike shafawa a ƙarshe? Nawa yana yin rawaya in ya kwana biyu.

Tsohon Hannu
Ƙanwata, zauna ki ji. Ni ma da irin wannan zuciyar na shiga. Na ɗauki zanen da na fi ji da shi a lokacin, na kai aka yi masa firam da kuɗina, na naɗe shi da bargo na ɗauki hayar mota na kai musu har zauren. Wata yarinya ta karɓa ba tare da ta ba ni ko ɗan guntun takarda ba.

Ranar taro na tarar an jingine shi a can ƙarshen zaure, bayan teburin da ake ajiye kofuna, fitilar wajen ma ba ta kawowa. Mutanen da suka zo liyafa ce ta kawo su, ba zane ba. Wanda aka ba lasifika ba ɗan gwanjo ba ne, mai gabatar da taro ne, bai iya faɗin sunana ba, ya ɗaga zanen ya ce "wa zai taya mana wannan?" kamar yana neman a rabu da shi. Mutum ɗaya ya taya, ba wanda ya ƙara, ya sallama. Kuɗin bai kai abin da na biya mai firam ba. Da firam ɗin kawai na ba su babu zane a ciki, da sun fi cin riba.

Daga baya na ji ashe ƙanen ɗaya daga cikin masu shirya taron ne ya saya. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Akwai wani bawan Allah da ke sayen aikina yana biya kaɗan-kaɗan, ya kira ni ya ce ya ji an sayar da wanda ya fi nasa girma a kaza, ashe cutarsa nake yi? Wallahi har yau bai sake sayen komai a hannuna ba. Su kuwa ƙungiyar ko saƙon godiya ban gani ba, balle su gaya mini nawa aka tara. Da shekara ta zagayo sai ga wasiƙarsu suna neman wani zanen, kuma sunan wani ne a saman wasiƙar, sun manta ba su canza ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Uwar Biyu
Innalillahi. Yaya Tsohon Hannu, ai da ka bi sawu ka karɓo abinka.

Tsohon Hannu
Da wace takarda? Na ce miki ko guntuwa ba a ba ni ba.

Mai Laka
Ni tukwane da ƙananan gumaka nake yi, kuma nawa ba haka ya kasance ba. Mun rubuta yarjejeniya: rabi nasu, rabi nawa, kuma na sa farashin da in ba a kai shi ba kayana su dawo gida. An sayar sama da yadda nake sayarwa ma, wadda ta saya ta dawo ta yi odar wasu. Duk ƙungiyar da ta san abin da take yi rabi da rabi take bayarwa, saboda haka ake yi a galari, wato shagon baje kolin zane da sayar da shi.

Uwar Biyu
Rabi kuma? To ina taimakon? Inda na taɓa bayarwa kashi 30 cikin ɗari suka ba mu, 70 nasu, kuma na ga adalci a ciki. Ƙarancin farashin kuwa rabin kuɗin da kike sayarwa ake sawa.

Gawayi
Sulusi ake sawa. In aka fara daga sama ba mai ɗaga hannu.

Mai Laka
Kuna haɗa abu biyu. Inda ake fara tayi daban, inda ake sallamawa daban. Ana iya farawa daga sulusi, amma ba a sallamawa sai an kai kashi biyu cikin uku.

Ɗan Kwamiti
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba mai zane ba ne, ina cikin masu shirya irin wannan taro. Abin da aka yi wa Malam Tsohon Hannu ba daidai ba ne, ba na kare shi. Amma ku ji ta ɓangarenmu. Shekarar da muka bar kowa ya sa nasa farashin, mun kwashe zane-zane da yawa mun mayar wa masu su, bayan mun biya kuɗin zaure da na ɗauko su. Mai zane yana sa farashin da yake fata, ba wanda ake saye ba. Mu kuwa muna da mutanen da ke jiran maganin wata-wata, wanda in ya yanke ciwon ya dawo sabo. In za a raba rabi da rabi ai kasuwa muka buɗe muku.

Tsohon Hannu
Malam, ka taɓa riƙe buroshi? Mai zaure kun biya shi, mai lasifika kun biya shi, mai buga katin gayyata kun biya shi. Mutum ɗaya ne a wajen ake cewa ya yi don Allah, kuma kayansa ne ake sayarwa.

Ɗan Kwamiti
Ni ma ba a biyana. Kuma in sai wanda ya riƙe buroshi zai yi magana, to kai ka taɓa zama da uwar da ɗanta ya daina shan magani saboda babu kuɗi?

Buroshi Uku
Jama'a ku duba Banksy mana, shahararren mai zanen bangon nan na Ingila. A 2020 ya ba wani asibiti a Southampton da ke Ingila zanen yaro yana wasa da 'yar tsanar nas. A watan Maris na 2021 aka yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Christie's, ya tashi sama da fam miliyan 16, kuɗin ya tafi ga harkar lafiya. Bai tsaya neman kashi 30 ba.

Kallo Kawai
To Malam Buroshi, ranar da naka ya kai fam miliyan 16 ka tuna da mu, ni ma buroshin da ka gama da shi ya ishe ni.

Mai Laka
Banksy attajirai ke rububin aikinsa, ya ba da ɗaya bai ji a jikinsa ba, kuma ƙwararrun 'yan gwanjo ne suka sayar, ba mai gabatar da liyafa ba. Ƙaramin mai zane in ya ba da babban aiki ɗaya, wataƙila kuɗin hayarsa ne ya bayar. Kuma kukan nan ba namu ne kaɗai ba. A Amurka tun 1969 doka ta ce mai zanen da ya yi kyauta da aikin hannunsa, kuɗin fenti da ƙyalle kawai za a rage masa a haraji, ba darajar zanen ba. Har yau masu zane na can suna ƙorafi a kai.

Mai Shuɗi
Na gode ƙwarai, na ƙaru da maganar yarjejeniya, zan tambaye su. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa maganar katin, kuma ita ce ke hana ni barci.

Kallo Kawai
Ki bari su rubuta, ai masu zane dama duk da ɗan abin da ke damunsu. Van Gogh ma, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Holand, sai da ya yanke kunne kasuwa ta buɗe.

Anti Nas
Kallo Kawai, wannan ba abin dariya ba ne, kuma ba ma gaskiya ba ne. Mutumin nan ya yi shekara guda a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy a Faransa, daga 1889 zuwa 1890, ya yi zane kusan 150 a can, ya rasu a 1890 kasuwar ba ta buɗe masa ba. Waɗanda suka zo bayansa ne suka ci. Irin wannan maganar ce ke sa mutum ya ɓoye ciwonsa har ya yi nisa.

Mai Shuɗi, 'yata, ni a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa nake aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, don haka abin da ya same ki ba abin kunya ba ne. Amma rashin kunyarsa bai sa ya zama dole ki faɗa ba. Yayoi Kusama, mai zane 'yar Japan, tana zaune a asibitin ƙwaƙwalwa a Tokiyo tun 1977 bisa son ranta, tana maganar ciwonta a fili, to ita ta zaɓi lokacinta da bakinta. Katin nan ba a zaure zai tsaya ba. Za a ɗauke shi hoto, su sa a shafinsu, wani ya tura wa wani, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa. In dangin mijinki za su ji, gara su ji daga bakinki. Ƙungiyar da ke aikin lafiyar ƙwaƙwalwa ita ya kamata ta fi kowa sanin wannan, ban ji daɗi ba da suka haɗa labarinki da maganar ƙarin tayi. Ki ce su rubuta sunan zanen, girmansa da irin fentin. In sun matsa, ki gane da wa kike hulɗa.

Ɗan Kwamiti
Anti, da girmamawa, labari yana sayar da zane, na gani da idona. Kuma in kowa ya yi shiru yaushe ƙyamar za ta ragu? Ana iya rubutawa ba suna.

Anti Nas
Ba suna, alhali sa hannunta na ƙasan zanen kuma zanen na shafinta? Rage ƙyama aikinku ne, ba bashi ba ne a kan mai jinya.

Kallo Kawai
Na janye, Anti, a yi mini afuwa. Amma maganar buroshin Malam Buroshi tana nan.

Uwar Biyu
Tun da an zo maganar hoto, ni abin da ya fi ci mini rai ke nan. Zanen da na bayar, bayan an sayar, sai na gan shi a kalandarsu ta sabuwar shekara, an yanke gefen da sa hannuna yake an ɗora tambarinsu. Da na yi magana sai aka ce ai na riga na ba su.

Mai Laka
Kin ba su zanen, ba ki ba su haƙƙin bugawa ba. A dokar yawancin ƙasashe haƙƙin mallaka yana nan hannun mai zane ko ya sayar, sai in ya sa hannu ya sallama shi a rubuce. Wanda ya saya ma ba shi da ikon buga shi a riga.

Gawayi
Nawa a riga na gan shi, jikin wani a layin banki. Na tambaye shi inda ya samu, ya ce rabawa aka yi a taro. Har ya ce in ina so zai nemo mini.

Tsohon Hannu
Kun gani ko? Kuma in ka yi magana a ce za a tallata ka, sunanka zai fita. Shekara nawa ana tallata ni, mai fenti bai taɓa karɓar talla a madadin kuɗi ba.

Ɗan Kwamiti
Kalandar ma ai don a tara kuɗin magani ake bugawa, ba aljihun wani take shiga ba.

Uwar Biyu
To da sun tambaye ni ai da na yarda. Sa hannun nawa da aka yanke, shi ma magani aka saya da shi?

Buroshi Uku
Wai Gawayi, rigar ta yi kyau kuwa? Wace irin buga ce, ta injin ko ta hannu? Ina so in fara buga nawa da kaina kafin wani ya riga ni, amma an ce launin shuɗi ba ya fita daidai a kan auduga.

Gawayi
Ta injin ce, kuma sun mayar mini da jan ƙasa ruwan hoda. Shi ya fi ba ni haushi.