Moto ya juya sau ɗaya ya yi shiru: in sayi DS3231 ne?

Mai Kaji: Assalamu alaikum. Ina haɗa injin ƙyanƙyasa a Samaru da Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfutar nan da ake rubuta wa umarni. So nake moto ya juya ƙwai duk awa 4 har kwana 18. Na rubuta umarnin jiran awa 4, delay(4*60*60*1000), ya juya sau ɗaya ya yi shiru. In gyara lissafin ne ko in sayi DS3231, ɗan agogon nan da ake haɗawa da allon? Ƙwai 120 na jirana.

Ɗan Kongo: Sayi allon ESP32 kawai, Uno ya tsufa.

Injiniya: Ba tsufa ba ne. A Uno, int, wato ma'ajin lamba na yau da kullum, ba ya wuce 32,767. Lissafinka ya cika ya tumbatsa ya koma ƙasa da sifili, delay kuwa ta ɗauke shi wajen kwana 49. Rubuta 14400000UL, UL ɗin ke sa a ɗauke ta a matsayin babbar lamba. Amma millis(), mai ƙirga lokaci tun daga kunna allon, ta fi, don delay na daskarar da komai, ko zafin injin ba za ka auna ba.

Na Shika: Kwana 49? Ai kafin nan duk sun zama bara-gurbi.

Baban Ummi: Kada wanda ya ƙara ce min millis. Ita ta kashe ni bara. Zafi da fitilar kananzir nake bayarwa, allon kuma yana jikin soket. Duk sanda aka ɗauke wuta ƙirgen sai ya koma sifili, wutarmu kuwa ba ta taɓa cika awa 4 a jere. Ashe tiren bai motsa ba sam. Ƙwan surukata ne, 200. Ran kwana 21 'yan tsaki tara suka fito. Har yau in na je gaisuwa sai ta ce, “Ina labarin kwamfutarka?”

Injiniya: Allah ya mayar da alheri, amma laifinka ne, Malam. Batir ya kamata ka sa.

Baban Ummi: Kai ka taɓa ƙyanƙyashe ko ƙwai ɗaya? Shekarata 15 ina gyaran rediyo. DS3231 na da batirinta, CR2032, ba ruwanta da wuta.

Mai Kaji: To nawa take?

Ɗan Kongo: N2,500 a Sabon Gari.

Na Shika: Yaushe rabonka da kasuwa? N6,000 na saya, daga Kaduna aka kawo min.

Baban Ummi: Ka dai duba batirin a gabansu. Wani mai shago ya sayar min da mataccen, ina cire waya agogo ya manta ranar. Na mayar, ya ce kayan wuta ba a dawowa da su.

Na Shika: Mu a Tudun Wada kwana uku ke nan wutar ko fanka ba ta juyawa, amma takardar kuɗi ta iso tun Litinin.

Mai Kaji: Jama'a, UL ɗin zan sa ko agogon?

Ɗan Kongo: Na Shika, ku nawa aka rubuto muku wannan watan?