Akwatin kallon da na saya yana ba ni hoto dishi-dishi, me zan saya a madadinsa?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum jama'a. Talabijin ɗina mai inci 43 ne, iyakarsa 1080p, ya kai shekara takwas, manhajojin cikinsa sun daina sabuntuwa. Na sayi wani ƙaramin akwati mai araha wanda aka rubuta 4K a jikin kwalinsa. YouTube yana fita tas, amma manhajar fina-finan da nake biya duk wata hotonta dishi-dishi ne. Da daddare fim yakan tsaya yana lodi, wani lokaci akwatin ya mutu ya sake tashi da kansa. Data kuma ba ta kai ƙarshen wata. Mukan yi kallon kamar awa uku a rana. In canza talabijin ne, ko akwatin, ko intanet? Kuma manhaja nawa ya kamata in riƙa biya?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa talabijin ɗin, lafiyarsa ƙalau muddin yana da ramin HDMI mai aiki. Abin da ka faɗa cewa YouTube yana fita tas amma manhajar biya ba ta fita, shi ya tona asirin akwatin. Kamfanonin da ke haya fina-finai suna kulle hotonsu don kada a kwafa, kuma a na'urorin Android makullin da aka fi amfani da shi sunansa Widevine, na kamfanin Google. Yana da matakai. Na'urar da ke da matakin L1 ana sakar mata hoto mai kyau, HD har zuwa 4K. Wadda ke da L3 kawai ana tsayar da ita a ƙaramin hoto, yawanci 480p, komai ƙarfin intanet ɗinka, komai tsadar tsarin da ka biya. Yawancin akwatunan nan marasa suna L3 ne. Rubutun 4K na jikin kwali ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, na'urar tana iya fitar da 4K daga fayil ɗin da ka sa mata ko daga YouTube, lasisi ne ba ta da shi.

Ka tabbatar da kanka: sauke ƙaramar manhaja mai suna DRM Info a kan akwatin, ka duba layin Widevine. In ka ga L3, babu saitin da zai gyara. Netflix ma yana da nasa tantancewar daban, don haka ko L1 ɗin ne, in bai amince da na'urar ba, ba zai ba ta HD ba.

Abin saya shi ne na'urar da aka san mai ita: Fire TV Stick na Amazon, Roku, Google TV Streamer wanda ya gaji Chromecast a 2024, ko Apple TV in gidan masu iPhone ne. Kafin ka biya, ka duba cewa manhajojin da kake so suna aiki a kan na'urar a ƙasar da kake, domin Roku musamman ba ko'ina yake da cikakken tallafi ba.

Amsa ta biyu:
Na yarda da bayanin da ke sama, amma mutuwa da tashin nan wata matsala ce daban, kuma za ta bi ka har kan sabuwar na'ura in ba ka kula ba. A ina ka jona wayar wutarsa? In a ramin USB na bayan talabijin ne, to ga ta nan. Tsohon ramin USB yana ba da bolt 5 da rabin amp kawai, su kuwa waɗannan na'urori suna son amp 1 ko fiye. Lokacin da kake yawo a menu wutar tana isa, da zarar fim ya fara, injin ciki da Wi-Fi suka ja wuta tare, sai ta gaza, na'urar ta sake tashi. Yi amfani da cajar da ta zo cikin kwali, ka sa a soket na bango. Wayar ma ta asali, domin doguwar waya siririya tana zubar da ƙarfin wuta a hanya.

In bayan haka yana ci gaba, taɓa jikinsa. Zafi ne na biyu. Bayan talabijin da ke manne da bango babu iska. Ɗan gajeren kebul ɗin ƙarin HDMI da ake sakawa a kwalin Fire TV Stick ba ado ba ne, yana janye na'urar daga jikin talabijin, ta sha iska, kuma ta fi kama Wi-Fi.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, maganar lodi da daddare sai an auna kafin a zargi kowa. Buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, a wayarka kana tsaye daidai bayan talabijin, sau ɗaya da safe, sau ɗaya a lokacin da fim ke tsayawa. Sannan ka maimaita kana kusa da rauta. Abin da Netflix ya ce ana buƙata shi ne gudun Mbps 3 don 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K, kuma wannan na allo ɗaya ne. In yara suna kallon bidiyo a wayoyi uku a lokacin, kowa yana cin rabonsa.

Ga yadda za ka karanta sakamakon. In kusa da rauta gudun yana da kyau amma bayan talabijin ya faɗi, Wi-Fi ne. In ko'ina ya faɗi da daddare amma da safe lafiya, cunkoso ne a layin kamfanin da ke ba ka intanet, sabuwar na'ura ba za ta yi maganinsa ba, sai rage ingancin hoto ko canza layi.

In Wi-Fi ne, duba ko rautar tana da zango biyu. Na 2.4 GHz yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma maƙwabta duk a kansa suke, ga Bluetooth, ga injin ɗumama abinci na maikirowef, duk a wannan zangon. Na 5 GHz ya fi sauri, ya fi sarari, amma bango biyu na kankare sun isa su raunana shi. Rauta da talabijin a ɗaki ɗaya ko bango ɗaya tsakani, ɗauki 5. In dole sai 2.4, shiga saitin rauta ka kafa tasha 1, ko 6, ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Ka ɗaga rautar sama, ka fito da ita daga cikin kabad. Wanda ya fi duka shi ne waya kai tsaye daga rauta. Google TV Streamer yana da ramin Ethernet a jikinsa, Fire TV Stick kuwa sai ka sayi ɗan adafta daban.

Amsa ta huɗu:
Ku bar ni da maganar data, domin gyaran da kuka ba shi zai ƙara masa ciwon kai a nan. Yanzu a 480p yake kallo amma data ba ta isa. Ranar da ya sa na'ura mai lasisi, hoton zai hau HD da kansa. A lissafin Netflix, HD yana iya cin GB 3 a awa, 4K har GB 7, matsakaicin saiti kusan 0.7, mafi ƙanƙanta 0.3. Awa uku a rana, kwana 30, awa 90 ke nan: a HD har GB 270, a matsakaici GB 63. Malam, ka lissafa da abin da layinka ke ba ka kafin ka sayi komai.

A Netflix ana saita wannan ne daga shafin asusu a burauza, ba daga talabijin ba, kuma kowane mai kallo a asusun yana da nasa saitin, sai ka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Ka kashe tallan fim da ke kunna kansa a menu, da kuma shiga kashi na gaba kai tsaye. Wannan na biyun ne ke cinye data in barci ya ɗauke mutum. Kashe talabijin da rimot ba lallai ya tsayar da na'urar ba, danna maɓallin gida tukuna.

Game da biyan wata: tunda allonka 1080p ne, tsarin 4K asarar kuɗi ne sai dai in yawan allon da ke kallo lokaci guda kake buƙata. Kuma kada ka riƙe uku ko huɗu tare. Rubuta abin da gidan ke son kallo, ka duba a shafin JustWatch wace manhaja ke da shi a ƙasarka, domin lasisin fim ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. Biya ɗaya, ku kalla, ka soke, ka koma wata. In ka soke, kallo yana ci gaba har ƙarshen kwanakin da ka riga ka biya. Goge manhaja daga na'ura ba sokewa ba ne, kuɗi zai ci gaba da fita. In ta hanyar Apple ko Google Play ka yi rajista, a can za ka soke.

Mai neman shawara:
Allah ya saka da alheri. Na duba, L3 ne, kuma a USB na talabijin na jona shi. To in sayi mai 4K ko mai HD kawai? Tsohon akwatin kuma in ba yara?

Amsa ta farko, ya dawo:
Ɗauki mai 4K ko da allonka bai kai ba. Ba don hoton ba, don ƙwaƙwalwarsa ta fi yawa, Fire TV Stick 4K na 2023 yana da GB 2 na RAM, menu ba ya nauyi, kuma zai yi aiki a talabijin na gaba. Zai sauko 1080p da kansa. In ka haɗa ka ga hoto babu sauti, shiga saitin sauti ka mayar da shi PCM ko sitiriyo, tsofaffin talabijin da yawa ba sa fahimtar Dolby Digital Plus. Ka kunna HDMI-CEC don rimot ɗaya ya isa, Samsung suna kiransa Anynet+, LG kuma SimpLink.

Tsohon akwatin kuwa ban so ka bar shi a kan intanet ɗin gida ba. A 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin waɗannan na'urori marasa tantancewa da ke zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta. Fita daga asusunka a kansa, canza kalmar sirrin da ka taɓa shigarwa, ka cire shi daga Wi-Fi. In yara za su yi amfani da shi, ya zama don kunna bidiyo daga filashi kawai.