Kiɗa daga muryar mai ba da shaida: yaya Steve Reich ya yi shi, kuma ya dace da fim?

Bala_Edita: Assalamu alaikum. Masana sauti, ina neman bayani kan kiɗan Different Trains na Steve Reich, Ba'amurke mai tsara kiɗa, wanda ya saka muryoyin Yahudawan da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi. Ta yaya magana take komawa kiɗa? Kuma za a iya bin wannan hanya a fim ɗin tarihi ba tare da an ci zarafin mai shaida ba?

Malam_Goge: Wa alaikumus salam, Malam Bala. Aikin na 1988 ne, ƙungiyar makaɗa ta Kronos ta fara kaɗa shi, da goge huɗu da sautin da aka naɗa tun farko. Muryoyi biyar ne: matar da ta reni Reich, da tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da mutum uku da suka tsira. Yana yaro yakan hau jirgi tsakanin New York da Los Angeles daga 1939 zuwa 1942, shi kuwa Bayahude ne, da a Turai yake da wani jirgin daban zai hau, irin wanda ke kai Yahudawa sansanonin 'yan Nazi.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi guntuwar magana ta daƙiƙa 1 zuwa 3 wadda tashi da faɗuwar muryar suka fito sarai. Ka yi ta maimaita ta har ka iya rera ta, sannan ka rubuta sautukan. Manhajar Praat, kyauta ce, za ta zana maka layin muryar, amma kunne ne alƙali, don magana zamewa take yi tsakanin sauti da sauti. Muryar mace Reich yakan ba biyola, matsakaicin gogen Turawa, ta namiji ya ba celo, babban goge mai kaurin sauti. Da dalili: biyola ba ta sauka ƙasa da kusan Hz 131 (Hz ma'aunin tashi da saukar sauti ne), muryar namiji kuwa takan kai 100 ko ƙasa, celo na kaiwa 65.

Inda aka fi kuskure shi ne a fara tsara kiɗan, sannan a ja muryar da kwamfuta ta zauna a kai. Reich akasin haka ya yi: da sabuwar magana ta shigo, sauri da karin kiɗan duka su sauya su bi ta. Shi ya sa makaɗan ke bin naɗaɗɗen sautin sau da ƙafa, in sun yi gaba ko baya kaɗan, goge da murya sun rabu. Mu da muke jin kalangu yana magana, abin ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Hajiya_Rabi: Malam ya yi bayani, sai dai fim daban ne. Claude Lanzmann a fim ɗinsa Shoah kan wannan kisan kiyashi, na 1985, sa'a tara da rabi, bai sa kiɗan bayan fage ba, bai sa tsofaffin hotuna ba. Waƙar da ake ji ta Simon Srebnik ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, yana rerawa cikin kwalekwale a kogin Ner kusa da sansanin kisa na Chelmno, inda aka tilasta masa yi wa sojojin Jamus waƙa yana ɗan yaro. Har jiran tafinta ya bari, ba a yanke ba. A ganina, in fuskar mai shaida tana kan allo, kada a yanka maganarsa ana maimaitawa. Mai kallo zai koma jin daɗin karin ya bar ma'anar. A ajiye dabarar Reich sai wurin da kyamara ke nuna layin dogo ko fili.

Sani_Studiyo: Hajiya, akwai tsakiya. A The Cave na 1993, aikin kiɗa da bidiyo na Reich da matarsa Beryl Korot, mai allo biyar, an tambayi Isra'ilawa da Falasɗinawa da Amurkawa waye Ibrahim, Saratu, Hajara, Isma'ila da Ishaƙu a wurinsu. Fuska na nan, kiɗa na bin murya, bai ɓaci ba. Amma zancen imani ne a can, ba zancen ɗakin gas da 'yan Nazi suka kashe mutane a ciki ba.

Malam Bala, ka kula da abu biyu. Sautin fim yana aiki da kHz 48, wato ma'aunin saurin da ake naɗa sauti da karanta shi. In fayil ɗin 44.1 ne aka karanta shi a 48 ba a juya ba, muryar za ta yi sauri ta haura, duk abin da aka rubuta wa celo ya tashi a banza. Sannan shaidun da ke taskar Fortunoff, ma'ajiyar bidiyon waɗanda suka tsira a jami'ar Yale, ba a ɗauka haka kawai. Ka nemi izini a rubuce, ka faɗi ƙarara cewa za ka yanka kuma ka maimaita, kafin ka ɗauki makaɗa.