Dakon kwantena ko hidimar rijiyoyin teku: wanne ya fi wa kamfanin jiragen ruwa?

Alhaji na Wuse: Salamu alaikum 'yan zaure. Kamfanin da ke mana dakon kwantena ya ce zai sayi jiragen hidimar rijiyoyin mai na cikin teku. Ni a ganina ya yi dabara. Dakon kaya yau a samu gobe a rasa, amma jirgin da kamfanin mai ya ɗauka haya kullum ana biyansa da dala, ko ya fita ko yana tsaye.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Biyan kullum gaskiya ne, amma sai da kwangila a hannu. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Aka dakatar da haƙa, jirage suka jibge a tasha, bashin banki na ta hauhawa. Tidewater, kamfanin jiragen hidimar mai na Amurka, da duk girmansa, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2017. Bourbon na Faransa ma haka a 2019.

Hajiya ta Garki: Injiniya, wai me jiragen suke yi ne takamaimai?

Injiniya: Hajiya, ɗauki Bonga, wajen kilomita 120 daga gaɓa, da ya fara fitar da mai a 2005. Ƙaton jirgi ne a girke wuri guda yana tara ɗanyen mai. Bututu, siminti, man dizal, ruwa, abincin ma'aikata, duk sai an kai musu daga tashoshi irin su Onne. Jirgin hidima zai matso dab da shi, igiyar ruwa na duka, injuna da kwamfuta na riƙe shi kada ya gusa, ƙugiya na ɗaga kaya daga bayansa. Kuskure kaɗan ya isa a yi asarar rai. Jirgin kwantena ba zai iya wannan ba, sai sabon jirgi da ƙwararrun matuƙa.

Alhaji na Wuse: To ai shi ya sa kuɗin ke da kauri. Kuma doka na bayan ɗan ƙasa: ta 2003 ta keɓe sufurin cikin ruwan Najeriya ga jiragen 'yan Najeriya, ta 2010 ta ce a fifita na gida a ayyukan mai. Ga Egina, wani wurin haƙar mai a cikin teku, tun 2018, an gina shi don ganga 200,000 a rana. Sai mu bar wa baƙi?

Kawu: Alhaji, Allah ya ƙara girma, dokar 2003 ɗin nan tana da ƙofar baya. In aka ce babu jirgin gida da ya dace, minista na iya ɗaga ƙafa, jirgin waje ya shigo. Ɗana ya gama karatun tuƙin jirgi, yana nan Nyanya a zaune. Ba a samun lasisi sai an yi watanni a kan teku, jirgin da zai ɗauke shi kuwa babu. Kamfanin jiragen ruwa na gwamnati tun 1995 aka rushe shi. In wannan kamfani zai ɗebi yaranmu su samu horo, ina bayansa ko da ribar ba yawa.

Injiniya: Kawu, nan muna tare. Tsorona a ci bashin dala a sayi jirgi kafin a sa hannu a kwangila. Ba a kwaɓe tsohuwar riga don an ga sabuwa a shago. Maersk, babban kamfanin dakon kwantena, da kansa ya sayar wa kamfanin mai na Total da sashen mansa a 2017, ya koma ya riƙe dakon kaya.

Alhaji na Wuse: Maersk ya ci ya ƙoshi ne kafin ya fita. Namu ko ɗanɗanawa ba su yi ba. Ina kan bakana.

Hajiya ta Garki: Ni tambayata ɗaya, Alhaji. In sun karkata kuɗinsu can, wa zai ɗauko mana kayan da muka yi oda kafin azumi, kuma a nawa?